Kafin Ki Saya Wa Ɗanki Kwamfuta, Ki Duba Ƙwaƙwalwarta



A yau da wuya yaro ya shiga jami'a bai nemi kwamfutar tafi-da-gidanka ba, kuma sau da yawa uwa ce ke kwashe kuɗin adashinta ko ta sayar da tunkiyarta domin a saya. Kuɗin da aka tara da gumi bai kamata a zuba shi da ka ba. Shi ya sa a wannan wata za mu duba ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda masu shago ke kira furosesa. Ita ce ke yanke saurin aikin na'urar, da zafin da za ta yi, da daɗewar cajinta.

Kamfanoni biyu ne suka fi yawa a kasuwa: Intel mai Core i3, i5 da i7, da AMD mai Ryzen 3, 5 da 7. Mutane sun ɗauka duk inda aka ga 7 an gama magana. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Abu biyu za ki duba bayan wannan lamba.

Na farko shi ne zubi, wato sabuwar ƙira ce ko tsohuwa. A i7-7500U, lambar 7 da ke bayan ɗan layin tana nufin zubi na 7. A i5-8250U zubi na 8 ne, a i5-1235U kuwa na 12. To, ita i7-7500U ma'aikata 2 ne a cikinta, alhali i5-8250U tana da 4. Kamar girkin biki ne: mata huɗu a madafa sun fi biyu saurin sauke tukwane. Kin ga a nan ƙaramar lamba ta fi babba.

Akwai wani dalilin kuma. A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafinsa na yau da kullum ga Windows 10, shi kuwa Windows 11 ƙa'idarsa ita ce Intel zubi na 8 zuwa sama. Saboda haka idan ta hannu za a saya, kada a sauka ƙasa da nan, komai kyan jikinta.

Na biyu shi ne harafin ƙarshe. Mai U an yi ta ne domin tattalin wuta, kusan wat 15 take ja. Mai H kuwa tana jan wat 45, ƙarfi gare ta amma ga zafi, ga ƙarar fanka, ga shan batir. Lissafin kamar na randa ne: batirin da ya tara wat 50 na awa ɗaya, idan ana jan 10 zai kai awa 5, idan ana jan 25 awa 2 kacal. Da yadda wutar lantarki take a unguwanninmu, wannan ba ƙaramar magana ba ce ga mai rubuta furojet cikin dare.

Wajen riƙe caji, Apple ta yi fice tun da ta fito da M1 a 2020. MacBook Air ɗinta ko fanka ba ta da shi, kuma kamfanin ya ce takan kai awa 18 ana kallon bidiyo. A 2024 an fito da masu Snapdragon X a ɓangaren Windows, su ma suna daɗewa. Sai dai akwai manhajojin da ba sa tafiya a kansu, don haka yaro ya fara tambaya a sashensu abin da ake aiki da shi.

A taƙaice, mai karatun shari'a, harsuna ko malanta, wanda aikinsa rubutu ne da bincike a intanet, i5 ko Ryzen 5 mai U ta wadatar da shi. Mai zanen gine-gine ko haɗa bidiyo ne ke buƙatar H. Celeron kuwa arha gare ta, amma arha ba ta ado, da an buɗe shafuka da yawa sai ta fara jan ƙafa. Ki tabbata RAM ya kai giga 8 kuma ma'ajiyarta SSD ce.

Kada a dogara da takardar da aka manna a jiki. A kunna a gabanku a karanta sunan ƙwaƙwalwar daga ciki, a cire caja a ga yadda cajin ke sauka. Bayan an kawo ta gida, ki hana ɗora ta a kan katifa ko filo, domin toshe kafar iska na jawo zafi, zafi kuwa na rage mata sauri yana kashe batir.

Allah Ya sa wa karatun 'ya'yanmu albarka. Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.