Kafin ka zagi kamfani, dubi fitilun akwatin wifinka

Daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa har Yamai, akwatin wifi ya shiga gidaje da shaguna. Ɗalibi na karatu da shi, ɗan kasuwa na tura hoton kaya, uwa na gaisawa da ɗanta da ke ci-rani. Amma da zarar intanet ya tsaya, sai ka ji: "Rezo ya lalace!" A zagi kamfani, ko a kira mai gyara a ba shi jika biyu, alhali akwatin da kansa yana faɗin ciwonsa. Mu ne ba mu iya karanta fitilunsa ba.

Fitilar farko ita ce Power. In ba ta kama ba, maganar kuran ce: an ɗauke wuta, ko sharjer ta ƙone. Yawancin akwatunan nan volt 12 suke ci, shi ya sa ƙaramin batir ko sola ke riƙe su.

Ta biyu, fitilar rezo. A akwatin da ke aiki da sim, in ta yi ja, ko dai sim bai zauna daidai ba, ko rezon bai iso ɗakin ba. Matsar da shi kusa da taga. In kuwa fibar gare ka, ka ga LOS na ƙiftawa ja, hasken da ke bin igiyar ne bai iso ba: ta katse ko ta lanƙwashe. Nan kam kira kamfani, kuma kada ka leƙa bakin igiyar da ido.

Ta uku ita ce mai ruɗin mutane, wato fitilar wifi. Kamawarta na nufin akwatin na watsa wifi a cikin gida, shi ke nan. Ba shaida ba ce ta cewa akwai intanet. In duk fitilu tsanwa ne amma babu abin da ke buɗewa, fara duba forfe. Sau da yawa yara ne suka cinye shi da bidiyo, ko maƙwabci ya samu kod.

Don Allah a bar ɗan ramin nan na Reset. Danna shi da tsinke na daƙiƙa 10 yana share kod da duk saitin da aka yi maka. Kashe akwatin kawai, jira daƙiƙa 30, kunna, ka ba shi minti 2 ko 3. Kuma a bazara, da zafi ke wuce digiri 40, kada a lulluɓe shi da tsumma wai don ƙura.

Ra'ayina, laifin ba na mai saye kaɗai ba ne. Mun yi lakwal da Faransanci, muna magana da Hausa, an sayar mana da akwati mai rubutun Ingilishi, kuma launin fitila ya bambanta daga wannan samfuri zuwa wancan. Mai sayarwa ya karɓi kuɗi, me zai hana shi ɗaukar minti biyar ya yi bayani da Hausa? Kai ma mai saye, kada ka bar shago sai an nuna maka. In ka koma gida ka koya wa uwargida da yara, don su ke wuni da shi.

Rashin sani ya fi dare duhu. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.