Wahalar likita haɗari ce ga majinyaci

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin mutanenmu, daga manyan ofis har zuwa masu zaman majalisa a gindin bedi: wai likita mai neman ƙwarewa ba shi da bakin kuka. In ya ce babu fitila tsakanin ɗakin tiyata da ƙofar asibiti, sai a ce raki ne. In ya nemi ɗaki mai makulli da zai kishingiɗa, ko rumfar da zai ajiye babur ɗinsa, ko hutun yini ɗaya bayan ya kwana a tsaye, sai a tuna masa cewa aikin likita sadaukarwa ce, ƙasa ba ta da hali, majinyata ma a tabarma suke kwance. Manyansa kuwa su rufe zancen da cewa, "Mu ma haka muka sha, ga mu nan da ranmu." Wannan ra'ayi kuskure ne babba, kuma wanda yake ɗanɗana kuɗarsa shi ne talakan da aka ɗauko daga ƙauye cikin dare.

Kada wani ya ce wannan zancen Yamai ne. Gaskiya ne manyan asibitocin da gwamnati ke horar da ƙwararru suna can, tare da Jami'ar Abdou Moumouni, sai sassan koyon likitanci na Maradi da Damagaram. Amma a nan gundumar Malbaza muna da asibitin Galmi, wanda mishan SIM ta buɗe a 1950, inda ake ba matasan likitoci horon tiyata na shekara biyar ƙarƙashin shirin PAACS. Tun tsakiyar shekarun 2000 kuma Nijar ke ba likitocin gama-gari horon tiyata na shekara guda, don su iya fitar da jariri ta ciki a asibitocin gunduma, ba sai an kai mace babban birni ba. Daga Birnin Ƙonni zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato bai kai kilomita 100 ba. Matasan likitoci ne ke riƙe da waɗannan wurare da dare, su ke karɓar mai naƙuda da wanda mota ta buge da yaron da zazzaɓi ya sumar, a lokacin da manya suka koma gida.

A fara da barci, tunda shi aka fi rainawa. Wani bincike da aka yi a Ostareliya a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, hannunsa da hankalinsa suna raguwa kamar na wanda ya sha giya, in ya kai awa 24 kuwa ya wuce iyakar maye da ƙasashe da dama ke hana tuƙi a kanta. Babu uban da zai miƙa ɗansa ga likitan da ke warin giya. To me ya sa muke yabon wanda ya yi kwana biyu a tsaye, har muna cewa jarumi ne? An gwada abin a wani babban asibiti na Boston a Amurka, aka buga sakamakon a 2004: sababbin likitocin da ke aikin kwana mai tsawo sun fi waɗanda aka rage wa awoyi yin manyan kurakurai da kusan kashi 36 cikin 100. Amurka ma ba da daɗi ta gane ba. Sai da wata yarinya 'yar shekara 18, Libby Zion, ta rasu a wani asibitin New York a 1984 a hannun likitoci masu koyo da aiki ya yi wa yawa, sannan jihar ta kafa doka a 1989, ƙasar gaba ɗaya ta tsayar da awa 80 a mako a 2003. Turai ta tsaya a awa 48 a mako.

Masu cewa "mu ma haka muka sha" sun ƙirga kansu ne kawai. Ba su ƙirga majinyacin da aka ba maganin da ya wuce ƙima da ƙarfe huɗu na asuba ba, domin danginsa sun ce kwana ne ya ƙare, suka ɗauki gawa suka tafi. Imaninmu da ƙaddara gaskiya ne, amma bai halatta mana sakaci ba.

Sai batun wurin ajiye abin hawa, wanda mutane ke yi wa dariya. Matashin likita a Ƙonni ko Illela ba mai jibgegiyar mota ba ne. Babur gare shi, sau da yawa na bashi, kuma da shi zai garzayo in an kira shi tsakar dare. In ya bar shi a bakin titi cikin duhu, rabin hankalinsa na kan wuƙar tiyata, rabi na waje. In an sace, albashin watanni ya tafi, kuma daga ranar sai ya jira kabu-kabu kafin ya iso ga mace mai zubar jini. Hanyar komawa gida ma haɗari ce. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2005 ya nuna cewa likitan da ya tashi daga dogon aikin kwana ya ninka yiwuwar yin haɗarin mota fiye da sau biyu. Wannan a titunan da ke da fitilu ke nan. A kwatanta da babbar hanyar da ta ratsa Ƙonni da Galmi zuwa Madawa, inda manyan motocin albasa da na siminti ke tsere dare da rana, ko hanyar Tawa ta Badagishiri. Ɗakin da mutum zai yi barcin awa uku kafin ya hau babur kariya ce ga ransa.

Game da tsaro kuwa, misalan ba su yi nisa ba. A daren 27 ga Disamba 2023 'yan bindiga suka shiga gidajen ma'aikata na Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna suka ɗauke Dokta Ganiyat Popoola, likita mai neman ƙwarewa. Ta yi wata goma a hannunsu, har ƙungiyar takwarorinta ta Nijeriya, NARD, ta shiga yajin aikin mako guda a Agustan 2024. A wannan watan ne kuma, ranar 9, aka yi wa wata matashiyar likita fyaɗe aka kashe ta a asibitin koyarwa na R. G. Kar da ke Kolkata a Indiya. Ta yi awa 36 tana aiki, ta shiga zauren taro don ta ɗan huta. A nan kusa da mu, a ƙauyen Masalata da ke gefen Ƙonni, an sace wani Ba'amurke daga gidansa a Oktoban 2020 aka tsallaka da shi Nijeriya. Mu da ke zaune a bakin iyaka mun san yadda garkuwa da mutane ta zama sana'a a wannan yanki, kuma likita mutum ne da kowa ya san fuskarsa da lokacin fitarsa.

Ba ɗan bindiga kaɗai ne abin tsoro ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tsakanin kashi 8 zuwa 38 cikin 100 na ma'aikatan lafiya suna shan duka ko wani cin zarafi na jiki a tsawon aikinsu, galibi daga majinyata da masu jinya. Idan rai ya fita da dare, dangi cikin ɗimuwa, wanda ke gabansu shi ne ƙaramin likita, alhali ba shi ya hana jini a ma'ajiya ba, ba shi ya ɗauke wuta ba. Abin ya fi tsanani ga mata. Muna ta kukan cewa matanmu sun fi son mace ta duba su, amma wane uba ko miji ne zai yarda 'yarsa ko matarsa ta kwana a wurin da babu makulli, babu fitila, babu makewayi na mata?

Hujjar talauci ita ce ta fi kama da gaskiya, don haka a dube ta da kyau. Nijar ba ta kai likita ɗaya ga mutum 10,000 ba, kuma babu mai hankalin da zai ce a rufe ɗakin tiyata na gunduma don awa 48 ta cika. Amma ƙarancin likitoci dalili ne na tattalin waɗanda ake da su. Manomin Galmi da ke da injin ban-ruwa ɗaya tak ba ya barin sa a fili da dare, ba ya kunna shi har ya ƙone, domin ya san albasarsa gaba ɗaya a kansa take. Ƙasa ta kashe shekara bakwai ko takwas tana koyar da yaro, ta ƙara wasu huɗu ko biyar na ƙwarewa, sannan karkara ta rasa shi ya koma Yamai ko wata ƙungiyar agaji ko Faransa, saboda abin da bai kai kuɗin mota ɗaya ta ofis ba. Fitilun sola, waɗanda muka ga amfaninsu lokacin da Nijeriya ta yanke mana wuta a Agustan 2023, da katifa da makulli da rumfar kwano da mai gadi da tuwon dare: wane ne cikinsu ya fi ƙarfin kasafin asibiti?

Akwai kuma ciwon da ba a gani. A watannin damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika ɗakin yara, matashin likita kan rufe idon yara fiye da ɗaya kafin gari ya waye, ya wanke hannu ya shiga duba masu layi. Ba wanda ke tambayarsa yaya ya kwana. In ya nuna rauni, a ce bai dace da aikin ba. Daga nan ake samun likita mai tsawa da ɗaure fuska, wanda muke zagi a majalisa ba tare da mun tambayi abin da ya mayar da shi haka ba. Zama na awa guda a wata da wani babba mai sauraro, wanda ba shi ke ba shi maki ba, ba ya cin ko dala.

Saboda haka ma'aikatar lafiya ta rubuta iyakar awoyin aikin kwana da hutun da ke bin sa, ta sa ɗakin kwana mai makulli da hasken haraba cikin sharuɗɗan duk asibitin da ke karɓar masu koyo. Shugabannin asibiti su buɗe littafin da za a riƙa rubuta kowane cin zarafi da kowace sata, a kai wa hukuma. Kwamitocin kula da asibiti da hukumomin gari da sarakuna su ɗauki katanga da fitila da mai gadi a matsayin nasu. Attajiran albasa da 'yan kasuwar kan iyaka da kamfanin siminti na Malbaza, waɗanda iyalansu da ma'aikatansu ke zuwa waɗannan asibitoci, za su iya gina ɗakin kwana da rumfa cikin wata guda in sun ga dama. Mu kuma da ke kai marasa lafiya, mu ƙara tambaya ɗaya a kan waɗanda muka saba yi wa shugaban asibiti: wanda zai yanka ɗan'uwana yau da dare, awa nawa ya yi a tsaye? Haƙƙinmu ne mu sani, kuma wajibi ne a ba mu amsa.