Katangar Kurmawa Ba Ta Tare Tari

Jama'a, mu waiwayi 'yan'uwanmu da ke tsare! Wanda ke kwance a gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse ɗan wani ne, mijin wata ne. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya jiran shari'a kawai suke yi. Wani, rikicin bashi ne ya kai shi, ya fito da tarin fuka. Wane alƙali ne ya yanke masa wannan hukuncin?

Tarin fuka iska yake bi. A ɗakin da aka cusa mutane kamar buhunan gero, taga 'yar mitsitsiya, mutum ɗaya ya yi tari kowa ya shaƙa. Ga ƙazuwa. Ga reza ɗaya tana zagaya kawuna, hanyar ciwon hanta da ƙanjamau ke nan.

Sai abin da bakinmu ke nauyin faɗa. Ana yi wa samari fyaɗe a ciki, wasu kuma yunwa ke sa su miƙa wuya saboda lomar tuwo, ko sabulu, ko wurin kwanciya. Shirunmu bai kare ko ɗaya ba. Binciken da hukumar UNODC ta fitar a 2019 ya gano kashi 2.8 cikin ɗari na fursunoni na ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, ninki biyu na kashi 1.4 da ake samu a cikin gari. Ranar da aka sallami mutum, gida zai nufa, wajen matar da ba ta ji ba, ba ta gani ba.

Dokar 2019 ta sauya sunan gidan yari zuwa gidan gyaran hali, har ta ba shugabannin gidajen ikon ƙin karɓar ƙarin mutane idan wuri ya cika. To, a yi aiki da ita mana! Tun 2023 jihohi ma na da hurumin gina nasu, saboda haka gwamna ba shi da bakin cewa sai Abuja.

Malamai, ku ɗauko zancen a huɗuba. Attajirai, ku biya wa masu ƙaramar tara su fito. Lauyoyi, ku matsa wa manyan alƙalan jihohi su riƙa zagayen rage cunkoso. Ku kuma masu kai ziyara, in kun ji ɗan'uwa ya yi mako biyu yana tari, ku tsaya kai da fata sai an gwada majinarsa: magani kyauta ne, wata 6 ake sha ba fashi. Mu nemi a gwada kowa ranar shiga da ranar fita, a ɓoye sirrinsa, a sallame shi da maganinsa da takardar asibitin da zai ci gaba da karɓa.