Daga Ƙetare: Kiɗan fim ɗin da ya yi barcin shekara 31

 Yau Ingila za mu leƙa, wurin wani dattijon makaɗi mai suna Nick Mason, wanda aka haifa a 1944.

Shi ne mai buga ganguna a ƙungiyar Pink Floyd, masu kiɗan nan na Turawa da ake kira rock. Duk faifan da ƙungiyar ta fitar akwai hannunsa a ciki, kuma shi kaɗai ke da wannan tarihi a cikinsu. Amma ayyukan da ya yi shi da kansa, a wajen ƙungiya, ba su yi wani tashe ba.

A watan Agustan 2018 aka tattara uku daga cikinsu a kwali ɗaya mai suna Unattended Luggage. An buga su a sidi da kuma faifan garmaho, irin baƙin nan mai faɗi da ake ɗora wa allura. Kuma ƙayyadadde aka buga, in ya ƙare ya ƙare ke nan. Dabarar 'yan kasuwa ce: abu in ya yi ƙaranci, masoya sai su yi rububinsa.

Na farko shi ne Fictitious Sports na 1981. Sunan Mason ne a bango, amma wata gwanar kiɗan jaz 'yar Amurka, Carla Bley, ita ta rubuta waƙoƙin duka, Robert Wyatt ya rera akasarinsu. Na biyu Profiles ne na 1985, wanda ya yi da Rick Fenn, mai jita a ƙungiyar 10cc.

To, na ukun ne ya shafe mu 'yan kallo. Kiɗan fim ne, White of the Eye, wanda darakta Donald Cammell ya yi a 1987, labarin wani makashin mata a jihar Arizona. Mason da Fenn suka yi masa kiɗa. Fim ya fita, amma kiɗan bai taɓa shiga kasuwa a faifansa na kansa ba sai a wannan kwali. Shekara 31 ke nan! Shi kansa daraktan bai ga ranar ba, domin ya rasu tun 1996.

A ganina nan darajar kwalin take, ba a ƙarancin kwafi ba. Da an yi sakaci da ainihin ɗaukar da aka yi a situdiyo, da ba abin da za a buga, komai son masoya. Aikin da bai ci kasuwa ba a zamaninsa yana iya samun masu nema bayan shekara talatin, in dai an adana shi. Furodusoshi da masu situdiyo, ina fata kuna ji.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Ku huta lafiya.