Hoton Ƙashin Giwa

Yara, kadan ɗayanku ya faɗo daga bisa itace ya ji ciwo a ƙafa, akan kai shi asibiti a ɗauki hoton ƙashinsa. Wani masani Bajamushe mai suna Rontgen shi ya gano wannan hikima cikin shekarar 1895. Wani irin haske ne wanda ido ba ya gani. Yakan ratsa fata da tsoka, amma ƙashi yakan tare shi, sai siffar ƙashin ta fito fara a jikin hoton.

To, ashe har giwa ma ana yi mata haka. Cikin 2018 aka buɗe asibitin giwaye kusa da birnin Mathura, a ƙasar Indiya. Da yawa daga cikin giwayen da ake kaiwa can sun shekara da shekaru suna yi wa mutane bauta, ɗaure da sarƙa, suna tafiya bisa kwalta mai zafi, har ƙafafunsu suka karkace, gaɓoɓinsu suka ƙage. Ba a kayar da giwa domin hoto. Lallashinta ake yi da abinci, ta ɗora ƙafa bisa kututture, sa'an nan a ɗauka.

Waɗansu mutane sukan ce wannan ɓarnar kuɗi ce, tun da ga 'yan Adam nan ba su da lafiya. Gaskiya ne mutum ya fi dabba daraja, amma duk da haka ban yarda da su ba, saboda dalilai uku.

Na fari, giwa ba ta magana. Kai ka iya nuna wa likita inda ke maka ciwo, ita kuwa ba ta iyawa. Ga shi fatarta da kauri, hannu ba ya jin ƙashin sosai. Da hoto likita zai san ko karaya ce, ko ruɓa, ko ciwon gaɓa. Gani ya kori ji.

Na biyu, ran giwa a ƙafarta yake. Babban toro yakan fi kilo 4,000 nauyi, bisa kan yatsunsa kuwa yake tafiya, da wani matashin kitse a ƙarƙashin dunduniya. In ƙafa ɗaya ta lalace, sai nauyin ya koma kan sauran ukun, su ma su kamu. Giwar da ta kwanta ta kasa tashi kuwa, nauyin jikinta shi ke halaka ta. Kadan an ga ciwon da wuri, a iya tare shi.

Na uku, hannun mutum ne ya ɗaura sarƙar nan. Wanda ya ɓata kuwa, shi ya kamata ya gyara.

Ku ba ku da giwa a gida, amma kuna da jaki da sa. Ran da kuka ga jakinku yana ɗingishi, kada ku ɗauki sanda. Ku sauke masa kaya, ku ɗaga kofaton ku duba, in abin ya fi ƙarfinku ku kai shi wurin likitan dabbobi.

Tambayoyi
1. Don me ƙashi ke fitowa fari a hoton?
2. Me ke samun giwa in ƙafarta ɗaya ta lalace?
3. Me za ka yi in jakinka yana ɗingishi?