Shaidar Kundin Gandiroba

Wani ra'ayi ya kafu a tsakanin masu bin salsalar kakanni a ƙasar Ostareliya, cewa duk wanda ya buɗe kundayen da hukumar Ingila ta bari game da fursunonin da ta kora can, mutum kimanin 162,000 tsakanin 1788 da 1868, to ya riski haƙiƙanin rayuwar kakansa. Wannan ra'ayi ban yarda da shi ba, domin wanda ya zauna gaban malamai ya ji bayanin sharuɗɗan shahada a fiƙihun Malikiyya ya san ba a karɓar shaidar maƙiyi a kan maƙiyinsa, alhali waɗannan kundaye, duk da tsarinsu da yawansu, babu wanda ya rubuta su face alƙalin da ya yanke hukunci da gandiroban da ya zartar da shi.

A duba abin da akawun hukumar ya kula da shi: tsawon mutum, launin idonsa, tabonsa da jarfar da ke damtsensa, ba don ya san shi ba, sai don a gane shi ranar da ya gudu, sannan laifuffukansa da adadin bulalar da ya sha. Saboda haka mai taurin kai shafinsa cike yake, amma wanda ya yi haƙuri ya cika wa'adinsa, ya yi noma, ya tarbiyyantar da 'ya'ya, sai a tarar da 'yan layuka kaɗan, kamar bai rayu ba. Wannan zalunci ne na biyu, kuma mai karatun da ya ɗauki shirun takarda a matsayin hujja ya yi tarayya a cikinsa.

Ƙissar Mary Reibey ta ishe mu dalili. An kama ta a 1791 bisa satar doki, tana yarinya ƙarama sanye da tufafin maza, tana amsa sunan James Burrow, aka yanke mata shekara 7, ta isa Sydney a 1792 cikin jirgin Royal Admiral. Wanda ya tsaya a nan ɓarauniya kaɗai ya gani. Amma ta yi aure a 1794, mijinta ya rasu a 1811 ya bar ta da 'ya'ya 7, ta riƙe kasuwancinsa da hannu mai ƙarfi, har bankin farko na ƙasar ya buɗe a 1817 cikin gidan da aka karɓi haya daga gare ta, kuma a yau hotonta na kan takardar dala 20 ta Ostareliya. Da aka zo ƙidayar 1828 kuwa, sai ta ce ta shigo ƙasar tana 'ya a 1821, wato shekarar da ta komo daga ziyarar Ingila, domin ta suturta abin da jama'ar zamaninta ke ɗauka abin kunya. Ni kuwa ba na zarginta, domin wanda aka yi wa tambarin laifi tun ƙuruciya yana da uzuri.

Ga takardu biyu na hukuma, ɗaya ta rage mata daraja, ɗaya ta ɓoye asalinta. Ba a san matar ba sai da masu bincike suka gwama su da rajistar aure, da takardun filaye, da tallace-tallacen hajarta a jaridar Sydney Gazette, suna tambayar kowace riwaya wa ya kawo ta, kuma mene ne muradinsa, yadda malaman hadisi ke yi wa maruwaita.