DA WANE MUDU MUKE AUNA DARAJAR MACE?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, mu a ƙasar Haɗeja mudu uku muke auna mace da su, kuma babu na Allah a ciki.

Na farko mudun dukiya. Matar attajiri da ke kulle a birni ita ce "matar kirki". Wadda ke yankan shinkafa a fadamun Auyo, ko take ɓarar gyaɗa a kan lada, ita ce abar raini. Wannan raini ya samo asali tun zamanin bauta, lokacin da noma yake aikin bayi mata, zaman ɗaki kuma alamar 'ya'ya. Bauta ta wuce, amma rainin yana nan, har mun naɗa masa rawanin addini. Alhali talauci ne ya fito da matan nan. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadama ta sauya, kachala ta toshe hanyoyin ruwa, kifi ya ragu. Ambaliyar 2020 da ta 2022 kuwa amfanin gona suka cinye. Shin wadda ta fita cikin sutura don ciyar da marayunta ta fi mai kwana kan katifa ƙarancin imani?

Na biyu mudun asali. Ana ƙin auren 'yar masunta ko 'yar mahauta, ana yi wa Bafillatana mai tallar nono kallon jahila, ana tonon wace ce jikar bawa. Aya ta 13 ta Suratul Hujurati ta rushe wannan: taƙawa ce kaɗai ma'aunin fifiko.

Na uku mudun baƙi. Masu rajin 'yancin mata, musamman tun taron Beijin na 1995, suna nuna hijabi da aure a matsayin ƙangi. Sun yi kuskure. Amma mu ji tsoron Allah: wa ya buɗe musu ƙofa? In bango bai tsage ba, ƙadangare ba ya samun wurin shiga. Aya ta 7 da ta 11 ta Suratun Nisa'i sun yanka wa mace gadonta. Duk da haka sau nawa uba ya rasu, maza suka rabe gonar fadama, aka sallami mata da buhun shinkafa da cewa "ai mace ta gidan wani ce"? Wannan zalunci ne, ko da mai gemu ne ya aikata.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, cikin Nurul Albab, ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tura jajis har ƙauyuka suna karantar da mata, ba su tambayi asalin kowa ba.

Saboda haka muna kira: duk wanda ke riƙe da gonar 'yar'uwarsa ya mayar mata kafin damina. Kowane reshe, daga Guri zuwa Kafin Hausa, ya buɗe ajin matan aure a lokacin da manomiya za ta iya halarta, kuma kada kuɗin wata ya kori kowa. Malamai su karantar da babin gado a fili.

Allah Ya nuna mana gaskiya, Ya ba mu ikon bin ta. Wassalamu alaikum.